Cinyar Kaza Sau Ɗari Biyu

Ku da kuke leƙowa shagona kuna cewa rubuta porogaram zama ne a inuwa da danne-danne, ku gyara zama. Ran nan wani cikinku, ko formasiyon, wato horon wata uku, bai gama ba, ya dube ni ya ce, “Baba Mamman, kwafe fishiye daga inji zuwa kile har wani aiki ne? Ai ko kakata ta iya.” Ban yi fushi ba. Na dai tambaye shi ko kakar tasa tana da rai, ya ce tana nan. Na ce to ya riƙa zuwa gaishe ta, don ni kwafe fishiye, wato fayil, zuwa kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa inji, shi ne ya kusa raba ni da matar da ta raine ni.

A Doso na koyi sana'ar nan, wajen wani Mushe Garba, dogon mutum mai madubin ido da aka ɗaure da zare. Mu tara ne, odinater, wato kwamfuta, ɗaya, kuma ba a taɓa shi sai ran Jumma'a, in akwai kuran, wato wutar lantarki. Sauran kwanaki a takarda muke rubutu, Mushe Garba da kansa ne injin. Sai ya karɓi takardarka, ya miƙe tsaye, ya yi duk abin da ka rubuta, ba ƙari ba ragi. In ka manta ka rubuta masa inda zai tsaya, sai ya kama zagaya tebur yana maimaita layi ɗaya, ko za ka yi kuka ba zai dube ka ba. Akwai ranar da ya zagaya teburin nan saboda ni tun hantsi har aka kira azahar, ƴan aji suna kwance da dariya, ni ina biye da shi ina ba shi haƙuri. Tambayoyinsa biyu ne kawai a kan kowane aiki. “In abin ya yi yawa fa? In babu shi fa?” Muka ji su har suka gundure mu.

Shi ne ya fara gaya mana cewa inji ba ya ƙirga kamar mutum. Kai za ka yi ta ƙirga har ka gaji, shi kuwa kowace lamba akwati yake ba ta, kuma akwatin yana da iyaka. Kun san kwantar na tsohuwar kamiyo, mai ƙirga kilomita: in tara-tara suka cika shi, sai ya juye ya koma sifili, motar da ta zagaye duniya ta zama sabuwa fil. To akwatin lamba iri biyu ne. Akwai mai alama, wanda ya raba wurinsa biyu, rabi na lambobin da ke sama da sifili, rabi na waɗanda ke ƙasa. A girman da aka fi amfani da shi, wannan yana kaiwa miliyar biyu, wato biliyan biyu, da ɗoriya, kana ƙara ɗaya sai ya sulale ya faɗa can ƙasa da sifili. Akwai kuma marar alama, wanda ya ba lambobin sama wurin duka, yana kaiwa miliyar huɗu da ɗoriya, amma bai san akwai wani abu ƙasa da sifili ba. Ka miƙa masa ɗaya ƙasa da sifili, sai ya karanta ta a matsayin lamba mafi girma da ya sani. Abin da ya fi ɓata rai, sunan akwati ɗaya ne amma girmansa ya danganta da injin da kake kai. Kamar tiyar awon hatsi ce: ta Gaya daban, ta Kamba daban, duk kuwa tiya ake ce musu.

Aikina na farko da na dawo gida na wani Alhaji ne mai filin da manyan motoci ke kwana kafin su shiga duwan, wato kwastan. Yana son ya riƙa ganin yawan motocin da ke ciki ba sai ya fita rana ba. Na ce ai mota ba ta zama ƙasa da sifili, na ɗauki ƙaramin akwati marar alama. Wata safiya fili ya watse, mai gadi ya danna fitar mota ta ƙarshe sau biyu. Alhaji ya shigo biro, wato ofishinsa, ya tarar an rubuta masa yana da kamiyo dubu sittin da biyar da ɗari biyar da talatin da biyar. Ya cire hula, ya fita ya duba filin, ba komai sai awaki uku a gindin dogon yaro. Ya dawo ya sake duba ekaran, allon injin, ya sake fita. Da ya aiko aka kira ni, cewa ya yi, “Mamman, in suna nan ka nuna mini inda sunka ɓoye, in ba su nan kada duwan su ga wanga abu.” Na gyara a ranar, na kuma ɗauka na yi hankali ke nan har abada.

Aikin da nake son ba ku labarinsa kuwa na Isufu mai kamara ne, abokina tun muna lakkol, wato makarantar boko, wanda ke ɗaukar bidiyon aure da suna a rabin garin nan. Kun san halin Gaya, ba mai dangi a ƙasa ɗaya. Aka yi biki sai an aika bidiyo Malanbil, an aika Kamba, an aika Yelu da Junju, an aika Yamai, kuma kowa kile nasa yake so, kada a ce an ba wane an hana wane. Isufu yakan yini yana kwafewa ɗaya bayan ɗaya yana tsaki. Sai na rubuta masa ɗan porogaram mai cika kile goma a tashi ɗaya. Aikinsa na mai ɗibar hatsi da ƙwarya ne: ya ɗebo kaɗan daga fishiye, ya zuba a kowane kile, ya duba lambar da ke gaya masa inda ya kai, ya sake ɗebowa. Na tsara cewa in fishiye ya ƙare, maimakon lambar wuri sai a miƙa masa ɗaya ƙasa da sifili. Da zarar ya ga lamba ta faɗa ƙasa da sifili, sai ya ajiye ƙwarya ya rubuta da manyan haruffa: AN GAMA.

Maganar da ya iya ke nan a duniya, don ban koya masa wata ba. A zare kile yana tsakiyar aiki, AN GAMA. Kile ya cika, AN GAMA. Na gwada shi a kan ƙaramin injina na hannu da manyan fishiye da ƙanana, bai taɓa tuntuɓe ba, saboda a nawa injin akwatin nan faffaɗa ne, ƙirgansa ba ya ƙarewa. Sannan na kai shi kan tsohon injin Isufu, wanda ke ƙarƙashin tebur yana tari in an kunna shi. A can, akwati mai wannan sunan shi ne mai tsayawa a miliyar biyu, wato jiga biyu na fishiye. Ban duba ba. Kamarar Isufu ta lokacin tsohuwa ce, ko an yini ana rawa bidiyonta ba ya kaiwa jiga biyu, don haka shekaru suka wuce lami lafiya. Ni kuma ina yawo a gari ina cika baki cewa inji ba ya yin komai sai abin da aka ce masa.

Sai ga shekarar da aka rufe gadar kogi da ta haɗa Gaya da Malanbil. Wanda bai ga Gaya a lokacin ba ba zai gane ba. Motoci suka yi layi suka tsaya har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, ƴan taranzit masu fiton kaya da nake yi wa aiki suka rufe biro ɗaya bayan ɗaya, ni da nake taƙama da porogaram na koma zuba wa mutane waƙoƙi da karatu a waya. Mai son ƙetarawa Malanbil sai dai ya shiga kwalekwale, shi da buhunan albasa da babura. A cikin wannan shekara matar ɗana Abdu ta haifi ɗiya mace, na roƙe shi ya sa mata sunan Gwaggo Ramatu, ya ce dama abin da ke ransa ke nan.

Gwaggo Ramatu yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni ina ɗan shekara shida da uwata ta rasu, ta raine ni a Malanbil a bayan rumfarta ta bandar kifi, har yau in na ji ƙaurin banda sai in ji kamar za a aike ni. Mace ce mai faɗa da kyauta, kuma ba ta maida magana. Ta taɓa shekara goma sha ɗaya ba ta yi wa ƙanenta magana ba a kan aron turmi. Shekara hamsin tana zaune bakin kogi, amma ba ta taɓa sa ƙafa a kwalekwale ba. Cewa take yi, “Allah ya ba mutum gada, mi za ya kai shi bisa katako?” Da muka aika mata cewa an yi mata takwara, mun ɗauka addu'a kawai za ta aiko. Sai ta aiko cewa tana nan tafe.

Ta kuwa zo. Mai jirgin da ya ɗauko ta ya ce tun da ta zauna ta rufe ido, ta riƙe masa riga, tana salati har suka taɓa gaci, da ƙyar ya iya tuƙi. Da sanyin safiya ta ƙetaro, amma ba ta iso gidana ba sai bayan la'asar. Kun san al'adarmu, babba ba ya zuwa biki da wuri. In ya riga kowa, wa zai miƙe ya tarbe shi? Gidan wata ƙawarta ta sauka a bakin ruwa, ta ci abinci, ta yi barcinta, ta sa leshinta shuɗi, ta jira har aka tabbatar mata gida ya cika sannan ta taso.

Isufu kuma a satin nan ya sami sabuwar kamara, mai nuna har ƙurajen fuska, ya rantse da bikin sunan jikata zai buɗe ta. Ya ɗauki wajen awa ɗaya, nan kaɗan can kaɗan, tun daga raɗa suna da safe har taron mata da yamma. Washegari ya zuba mini bidiyon a injina na kalla tun daga farko har ƙarshe, ya yi kyau, Gwaggo ta fito kamar matar gwamna. Shi kuma ya jera kile goma a tsohon injinsa, porogaram ɗina ya ce AN GAMA, muka rarraba. Cikin kile goman nan ko ɗaya ban buɗe ba.

Kwana huɗu bayan nan wani mai jirgi ya kawo mini ƙunshi a takardar siminti, yana ƙaurin kifi. Na buɗe, kile ne. Kafin in gama mamaki sai ga saƙon murya a wayata, Gwaggo ce, muryarta a kwance, abin da ya fi faɗanta ban tsoro.

“Mamman, fofo, sannu. Na ga sinimarku. Na tara maƙwabta, na shimfiɗa tabarmi, na ce ku zo ku ga yadda anka tarbe ni Gaya. Mun ga liman. Mun ga wanzami. Mun ga mai saida ƙanƙara, shi da ba a ko gayyata ba, har sau ukku. Mun ga akuyar maƙwabcinku tana cin ledar burodi. Ni dai da na shiga jirgi, ban gan ni ba. Kuma da bakinka ka ce mini inji ba shi yin komi sai abin da anka ce mai. To madalla. Ku nemo ma ɗiyarku wani suna, nawa na amshe abina. Gaya kuwa, ko gawata kada a ƙetara da ita.”

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba, na kuma ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Matar da ta shekara goma sha ɗaya a kan turmi, a kan wannan fa? Ga ta ta haura saba'in. Na haye kabu-kabu, babur ɗin haya, sai shagon Isufu.

“Wallahi kamarar ta gan ta,” in ji Isufu, yana dafe da ƙirji. “Da idona na gani. Sai dai in tsohon injin ga ne ya ji tsoronta, don ni ma tsoronta nike ji.”

Muka sa kile ɗin. Bidiyo ya tafi daidai har wajen minti arba'in. Sai ga mata sun fara miƙewa suna gyara mayafi, wata ta ɗaga murya ta ce, “Ga Gwaggo nan!” wata ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, sai ekaran ya yi baƙi ƙirin. Ko maƙiyi aka ba almakashi ba zai yanka a wurin da ya fi nan ciwo ba. Na duba girman abin da ke cikin kile ɗin, jiga biyu cif. Nan take na ga Mushe Garba tsaye a gabana da madubinsa mai zare. Sabuwar kamara bidiyonta nauyi gare shi, awa ɗaya ta ci jiga uku. Da lambar wuri ta haura miliyar biyu a ƙaramin akwatin injin Isufu, sai ta juye ta faɗa ƙasa da sifili, porogaram ya ɗauka fishiye ya ƙare, ya ajiye ƙwarya. Duk wanda ya zo biki da wuri ya samu shiga. Manyan da suka yi jinkiri don a girmama su, su aka bari a waje.

Da na zauna na yi aikin yadda ya kamata, da labarin ya ƙare nan. Amma Isufu yana tsaye a kaina yana cewa masu jirgi ba sa ƙetarawa bayan magariba, in kuma aka bar Gwaggo ta sake kwana da abin a ranta, sai dai a haɗu a lahira. Na ce ai magani a kusa yake. Tunda akwati mai alama ya tsaya a miliyar biyu, marar alama kuma yana kaiwa huɗu, kalma ɗaya zan canza. Na canza. Injin da ke fassara rubutunmu zuwa yaren odinater ya fito mini da gargaɗi, cewa wannan lamba fa ba za ta taɓa sauka ƙasa da sifili ba, ga shi kuma ina jiran ta sauka. Na karanta da idona, na rufe shi kamar yadda ake korar ƙuda. Muka sa kile ɗin Gwaggo, aka fara. Abin ya daɗe fiye da kullum.

“Ka gani,” in ji Isufu, “yau injin ya yi ladabi. A hankali shika yi mata.”

Can ya ce AN GAMA. Na tsallaka bidiyon zuwa bayan minti arba'in, na ga shuɗin leshi ya shigo ƙofa, guɗa ta cika gida. Ban jira ganin ƙarshe ba, na zare kile na ruga bakin kogi.

Da na ƙetara na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana jera kifi a kwando. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, “Sannu, baƙo. Daga ina?” Na ce, “Gwaggo, na kawo gyara.” Ta ce ba ita kaɗai aka kunyata ba balle a yi mata gyara ita kaɗai, sai an kira duk waɗanda suka zauna a tabarminta ran nan. Aka bi gida-gida. Mata suka cika tsakar gidan, har da wasu da ba su zo na farko ba amma labari ya kai musu. Aka fito da tele, wato talabijin, aka ɗora a kan turmi, aka ba ni telekomand na sarrafa ta, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

Muka sake ganin liman, muka ga wanzami, muka ga mai ƙanƙara sau uku. Da akuya ta fito, Gwaggo ta ce, “Ga gwanarku nan.” Sai aka ce “Ga Gwaggo nan!” kuma wannan karo guɗar ta fita har ƙarshenta. Ga ta ta shigo, mata suna ta zubewa, an shimfiɗa mata darduma, an miƙa mata jaririya. Ta buɗe zanen ta duba fuskar, ta tofa mata addu'a, ta daɗe tana yi mata magana a kunne. Na saci kallon Gwaggo a gefena, na ga ta kai bakin mayafi ido. Na ce a raina alhamdu lillahi, na tsira.

Abu na ƙarshe da Isufu ya ɗauka kafin ya kashe kamara ɗan gajere ne, ni har na manta da shi. Gwaggo tana rungume da jaririya a hannun hagu, aka wuce da tiren kaji, ta miƙa hannun dama ta ɗauki cinya guda, ta jefa a jakarta, ta sunkuya ta ce wa jaririyar, “Takwara, wagga tamu ce.” Mata suka yi dariya kaɗan. A nan ya kamata bidiyo ya ƙare.

Sai Gwaggo ta sake miƙa hannu ta ɗauki cinya, ta jefa a jaka. “Takwara, wagga tamu ce.” Ta sake ɗauka. Ta sake.

Nan take na gane abin da na aikata. Fishiye ya ƙare, an miƙa wa porogaram ɗaya ƙasa da sifili kamar yadda na tsara, amma sabon akwatin bai san wannan ba, ya karanta ta miliyar huɗu da ɗoriya, ya ce ashe da sauran tafiya. Ya kai ƙwarya bai samo sabon abu ba, sai ya juye abin da ya rage a cikinta, ɗibar ƙarshe, ya sake juyewa, ya yi ta juyewa har kile ya cika. Mushe Garba ne yake zagaya tebur, ba wanda ya ce masa ya tsaya.

Wata yarinya ta fara ƙirgawa da ƙarfi. Da ta kai ashirin, wata tsohuwa mai suna Inna Maimu, maƙwabciyar Gwaggo ta rumfa, ta gyara zama ta ce, “Ramatu, kaji nawa anka yanka Gaya?” Wata daga baya ta ce, “Ni jakar nika so. Ina kika saye ta?” Gida ya kece da dariya, wata har da faɗuwa daga kujera. Na ɗaga telekomand zan kashe, sai na ji an buge mini hannu.

“Bar shi,” in ji Gwaggo.

Na bar shi. Ta zuba wa tele ido, fuskarta ba yabo ba fallasa, cinya tana bin cinya. Mai ƙirga ta wuce sittin.

“Mamman, liman minti nawa ya samu cikin sinimar ga?”

“Kamar biyu, Gwaggo.”

“Mai ƙanƙara fa?”

“Bai kai ɗaya ba, in an haɗa duka.”

“Akuya?”

“Ita ma haka.”

“To wanga wuri nawa, yaushe za ya ƙare?”

“Sai kile ya cika, Gwaggo. Zai yi minti goma sha biyar.”

Ta juya ta dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan Inna Maimu. “Kun ji ko? Wadda anka taɓa ba minti goma sha biyar ita kaɗai cikin sinima, ta ɗaga hannu.” Ba wadda ta ɗaga. Sai dariyar da take dannewa ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da tari, tana dukan bayana da tafin hannu. “Ɗan banza! Ka yanke ni, ka zo ramawa kuma ka wuce wuri.”

Na ce, “Gwaggo, gaskiya kuskure ne, akwatin lamba ne na…”

“Rufa mini baki. Ba kai ka ce inji ba shi yin komi sai abin da anka ce mai ba?”

Aka kalli abin har ƙarshensa, yarinyar nan ta ce ɗari biyu da ƴan kai, amma ta ɓata ƙirga sau biyu saboda dariya. Gwaggo ta sa aka zubo mini tuwo da miyar banda, ta tambayi lafiyar takwararta, ko tana shan nono sosai, ko an yi mata kwalli. Ina ci na tambaye ta ina cinyar ta tafi. Ta ce mai jirgi ta ba, tun kafin ta shiga, don kada ya kifar da ita.

Sati guda na yi ina gyara na gaskiya. Na nemi akwati mai alama wanda girmansa a rubuce yake a jikin sunansa, faffaɗa, iri ɗaya a kowane inji. Na raba labarin ƙarewar fishiye da lambar wuri, kowanne da hanyarsa, kada a sake aika saƙo biyu a bakin ɗan aike ɗaya. Na koya wa porogaram sababbin maganganu, ya iya cewa kile ya cika, ya iya cewa an samu matsala. Na gwada shi a injina da na Isufu, da fishiye babba, da ƙarami, da wanda ba komai a cikinsa, na kuma zauna na kalli kowane bidiyo har ekaran ya yi baƙi. Muka bi sauran kile tara muka karɓo muka sake cikawa, don a Kamba ma akwai wani kawu da ya zo a makare, ya fara kumbura. Na ɗauki kwafi mai kyau na kai wa Gwaggo. Ta sa aka kunna, ta ga cinya ɗaya kawai, ta miƙo mini abina ta ce, “Wanga gajere ne. Je ka kai ma mai ƙanƙara.” Nata kuwa duk baƙon da ya shiga gidan sai ya kalla, ba a tashi sai an gama.

Don haka in kun ga ina yi muku faɗa a kan gargaɗi ɗaya da kuka rufe ba ku karanta ba, ko ina tambayarku a inji nawa kuka gwada, ba tsufa ba ne. Ku buɗe kile ku kalla har ƙarshe kafin ku ba mai shi.

Gwaggo ta sake shiga kwalekwale sau ɗaya, da aka ce mata takwara ta fara tafiya. Bara Allah ya karɓi abinsa, a ɗakinta, bayan ta yi sallar azahar. Da aka zo raba kayanta, Inna Maimu ta miƙo mini jakar nan ta ce Gwaggo ta bar wasiyya a ba ni. Ba komai a ciki sai carbi da kile ɗin, a ɗaure a bakin tsumma.

Yarinyar, muna ce mata Gwaggo Ƙarama don ba mai iya kiran sunan gatsal, yanzu bakinta ya buɗe. In Abdu ya kawo ta shago, ba ta son waƙa ba ta son wasan yara, sai ta nuna aljihun tebur ta ce a sa mata tsohuwa. In ɗora ta a cinya, in tsallake liman da akuya. Duk sanda Gwaggo ta sunkuya ta ce, “Takwara, wagga tamu ce,” sai ita kuma ta gyaɗa kai ta ce, “To.” Haka za su yi ta yi, wannan ta faɗa, wannan ta amsa.

Kwafi mai kyau yana nan a aljihun teburin, ban taɓa nuna mata shi ba. Na san layin da kuskuren yake, na san kalmar, telekomand kuma yana hannuna. Har yau ban taɓa tsayar da su ba kafin kile ya ƙare.